Tambayoyin Masu Karatu: Me ya sa Guardians na uku ya sa yara kuka?

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan fim ɗaya suka taru, wato kashi na uku na Guardians of the Galaxy na kamfanin Marvel, wanda ya fito a watan Mayun 2023. Na zaɓi huɗu daga ciki. Wanda bai kalli fim ɗin ba, kuma ba ya son a ɓata masa labari, ya tsallake wannan shafin, don zan faɗi wanda ya mutu da wanda ya rayu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne, 'ya'yana uku, babban shekararsa 13, autar shekararta 6. Mun kalli kashi na ɗaya da na biyu tare, mun sha dariya, har autar tana kwaikwayon rawar ɗan itacen nan Groot. Ranar Asabar na karɓo na uku wajen mai tura fina-finai a waya, na kunna mana bayan isha'i. Ba a yi nisa ba yarinyar ta fashe da kuka, uwarta ta ɗauke ta, ni kuma na sha faɗa. Shin waɗanda suka yi na farkon su ne suka yi wannan? Me ya sa suka mayar da fim ɗin barkwanci ya koma na baƙin ciki? Daga wani magidanci a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Da farko a ba Hajiya haƙuri, gaskiya ce da ita. Yarinya 'yar shekara 6 ba ta da abin yi a gaban wannan fim ɗin.

Mutum ɗaya ne ya ba da umarnin duka ukun, sunansa James Gunn: na farko a 2014, na biyu a 2017, na uku a 2023. 'Yan wasan ma su ne dai, Chris Pratt a matsayin Peter Quill, Zoe Saldaña a matsayin Gamora, Dave Bautista a matsayin Drax, Bradley Cooper kuma shi ne muryar Rocket. Ba a canza hannu ba. Abin da ya canza shi ne wanda aka ɗora labarin a kansa.

Amma kafin mu je can, ina so ka sake kunna na farkon, ka kalli mintunan farko kai kaɗai, ba tare da yaran ba. A shekarar 1988 aka buɗe shi, a wani asibiti a Amurka. Yaro ƙarami, wato Quill, na zaune a baranda da abin sauraron kiɗa a kunne, aka kira shi ciki, mahaifiyarsa na kwance ciwon daji ya cinye ta. Ta miƙo masa hannu ta ce ya riƙe, tsoro ya sa ya kawar da kai, kafin ya juyo ta cika. Da wannan aka fara fim ɗin da kake kira na barkwanci. Abin da ya sa ka manta da shi shi ne, nan da nan aka tsallake shekara 26, sai ga yaron ya zama ƙato yana taka rawa a wata duniyar da ta zama kufai, yana kama ƙananan halittu yana yin makirfo da su. Dariya ta zo ta rufe kukan tun bai sauka ba.

Na biyun ma haka. Kowa na tuna jaririn Groot yana rawa a gaban kyamara alhali 'yan uwansa na can baya suna fafatawa da wani ƙaton dodo. Ba kowa ke tuna cewa a cikin wannan fim ɗin ne Quill ya gano mahaifinsa, Ego, shi ya dasa wa mahaifiyarsa ciwon da ya kashe ta, kuma akwai kogo cike da ƙasusuwan 'ya'yan da Ego ya haifa ya halaka. A ƙarshensa Yondu, wanda ya rene Quill, ya ba da ransa don yaron ya tsira. Jana'iza ce ta rufe fim ɗin. Ka ga ashe baƙin cikin ya daɗe a gidan. Salon Gunn a waɗancan biyun shi ne ya soka maka abu mai zafi, kafin ka ce wayyo sai Drax ya yi wata katoɓara, kowa ya kwashe da dariya a wuce wurin.

A na uku sai ya daina yi mana wannan rangwamen, aƙalla a duk wurin da ya shafi Rocket.

Rocket rakun ne, wata 'yar dabbar Amurka mai zoben baƙi a wutsiya da baƙin zane a idanu kamar ta sha kwalli. A fina-finai biyun farko shi ne mai baƙar magana, mai son bindiga, ɓarawon batir, mai sa a sato ƙafar roba ta wani fursuna don kawai abin ya ba shi dariya. Amma tun a na farko an nuna mana bayansa a kurkuku, duk ƙarafa a dashe cikin fata, kuma akwai wurin da ya bugu a mashaya ya fashe da ihu cewa shi bai roƙi kowa ya yi ta yayyaga shi yana sake haɗawa ba. An ajiye maganar nan shekara tara ba a koma kanta ba. Kashi na uku gaba ɗayansa bayanin wannan ihun ne.

Ana farawa aka ji wa Rocket mummunan rauni, abokansa suka gano ba za su iya yi masa magani ba saboda wanda ya ƙera shi ya dasa masa wata na'ura a ƙirji da za ta kashe shi in an taɓa. Suka bazama neman lambar sirrin da za ta kashe na'urar. Shi kuma yana kwance rai a hannun Allah, ana ta komar da mu ƙuruciyarsa a cikin keji. Ina kyautata zaton a nan ne 'yarka ta fara kuka, don kalmar farko da jaririn ya iya furtawa bayan an yi masa tiyata, kansa a tsage da ɗinki, ita ce cewa da zafi.

Akwai wuri guda da nake ganin shi ne zuciyar fim ɗin. Dabbobi huɗu ne a kejuna biyu masu maƙwabtaka, ƙasa duk datti, haske kaɗan. Ga Rocket. Ga wata karen ruwa da aka cire mata hannuwa aka maye da siraran ƙarafa. Ga wata ƙatuwar dabbar teku mai haure biyu da aka ɗora kan tayoyi. Ga farar zomanya da aka rufe mata baki da ƙarfe aka liƙa mata ƙafafu irin na gizo-gizo. Ba su da suna, lamba ce da su, ta Rocket 89P13. Suka kwanta rigingine suna kallon rufin keji, suka ce tunda za a kai su sabuwar duniya, ya kamata kowa ya zaɓa wa kansa suna. Karen ruwan ta ce ita Lylla. Mai hauren ya zaɓi suna saboda haƙoransa, zomanyar ta zaɓi nata saboda a ƙasa take kwance. Shi kuma ya ce Rocket, don wata rana zai ƙera abin da zai tashi da su duka zuwa sararin samaniyar da ba su taɓa gani ba. Suna dariya, dariyar yara ta gaske. Kai mai kallo ka riga ka san a fina-finai biyun da suka wuce Rocket bai taɓa ambaton ko ɗaya daga cikinsu ba, don haka ka san abin da ke tafe. Gunn bai kawo wani ya yi barkwanci ya cece ka ba. Ya bar kyamara a kansu. Da ranar ta zo, Rocket ya harhaɗa mabuɗi da tarkacen da ya ɗinga ɓoyewa, ya buɗe kejin, ya rungumi Lylla karo na farko, aka harbe ta ta baya tana hannunsa. Sauran biyun ma harsashin masu gadi ya same su.

Babban ɗanka mai shekara 13 zai iya ɗaukar wannan, kuma ina ganin zai ƙaru da shi. A Amurka ma tambarin PG-13 aka ba fim ɗin, ma'ana a yi hattara da 'yan ƙasa da shekara 13. Matsalar ita ce tambarin da aka ba na ɗaya da na biyu ke nan, shi ya sa iyaye da yawa suka shiga da yara ba su san an canza ba. Tambarin yana auna yawan jini da zagi ne, ba ya auna yadda kukan dabba a keji ke zama a zuciyar yaro ya hana shi barci.

Tunda maganar yara ake, bari in ƙara maka abu uku da za ka so ka sani kafin ka sake kunna wa manyan. Akwai wurin da Quill ya yi ashar ƙarara lokacin da Nebula, 'yar uwar Gamora, ta kasa buɗe ƙofar mota, kuma shi ne karo na farko da aka bar wannan kalmar ta fito a fili a jerin fina-finan Marvel ɗin nan. Akwai wurin da aka ɓare fatar fuskar mugun fim ɗin, wato wanda ya ƙera Rocket, aka nuna abin da ke ƙasa. Sannan mugun da bakinsa yana cewa babu Ubangiji, shi ya sa shi ya shigo ya karɓi aikin. Fim ɗin bai goyi bayansa ba, ya nuna shi a matsayin mahaukacin da girman kai ya halaka, amma in ni ne ina zaune da yaro, a nan zan dakatar in yi masa magana.

TAMBAYA: Yaya, ni ban gane ba. A na biyu Gamora da Quill sun fara soyayya. A na uku kuma tana yi masa kallon baƙo, har tana hantararsa. An yanke wani abu ne a kwafin da na samu? Daga wata ɗaliba a Maraɗi.

AMSA: Ƙanwata, kwafinki lafiyarsa ƙalau. Abin da ya faru ya faru ne a wasu fina-finan daban. A Avengers: Infinity War na 2018, Thanos, wanda ya rene Gamora, ya jefa ta daga kan dutse ta mutu don ya mallaki wani dutsen ƙarfi. A Endgame na 2019 aka yi tafiya cikin lokaci, sai wata Gamora ta shekarar 2014 ta biyo su zuwa gaba. Wannan ba ta taɓa zama da su Quill ba, ba ta san shi ba, ba ya bin ta bashin komai. Ita ce kike gani a na uku.

Wannan aibu ne na gaske a tsarin Marvel, kuma ba laifinki ba ne. Mutum ya bi fim kashi ɗaya, biyu, uku a jere, a ce sai ya je ya nemo wasu biyu, ɗaya awa biyu da rabi, ɗaya awa uku, kafin ya san dalilin da jaruma ta manta masoyinta. Har batun cewa Mantis, ɗaya daga cikin tawagar, 'yar uwar Quill ce uba ɗaya, a wani ɗan gajeren shiri na Kirsimetin 2022 aka bayyana shi. Amma na yaba da yadda Gunn ya yi da abin da aka bar masa. Da wani ne, da kafin a tashi ya sake haɗa su aure. Shi kuwa ya bar ta ta koma wurin 'yan fashin sararin samaniyar da ta ɗauka a matsayin danginta, Quill ya haƙura. A fim ɗin 2014 ba za a taɓa barin jarumi ya tashi hannu rabbana haka ba.

TAMBAYA: Malam, gardama muke yi a majalisarmu. Wani ya ce bos ɗin fim ɗin ɗan Najeriya ne, ni na ce Baƙar fatar Amurka ne. Sannan a ganinka ya fi bosawan baya? Daga wani tela a Zariya.

AMSA: Maigida, ka sayi shayin majalisa, abokinka ya ci gardama. Sunansa Chukwudi Iwuji, an haife shi a Najeriya a 1975, ya yi karatu a Ingila da jami'ar Yale ta Amurka, ya kuma shafe shekaru yana wasan daɓe da kamfanin Royal Shakespeare a Ingila. Gunn ya yi aiki da shi a shirin talabijin na Peacemaker wanda ya fito a 2022, daga nan ya ba shi wannan rawar ta High Evolutionary.

Ko ya fi na baya? Nesa ba kusa ba. Ronan na kashi na farko, in ka cire shuɗin fenti da babbar guduma, ba abin da ya rage. Ka tuna da rawa Quill ya ɗauke masa hankali aka ci shi da yaƙi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka yadda fim ɗin ya ɗauki mugunsa. Ego na Kurt Russell ya fi shi, don yana da fara'a mai yaudara. Amma na Iwuji daban ne. Ba duniya yake son mallaka ba, so yake ya ƙera al'umma marar aibu, kuma duk wadda ya ƙera ya ga tabo a jikinta sai ya ƙone ta ya sake sabuwa. Ya gina duniya sukutum mai kama da tamu, da gidaje da motoci da iyalai, da ya ga an fara sayar da ƙwaya a lungu ana dambe, sai ya tarwatsa ta da duk wanda ke ciki, ko a jikinsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne dalilin ƙiyayyarsa da Rocket. Hassada ce tsagwaronta. Na'urarsa tana da matsalar da ta gagare shi, halittun da ke fitowa daga ciki duk masu faɗa ne, sai ɗan ƙaramin abin da ya ƙera da hannunsa ya leƙa ya gano gyaran. Ka dubi fuskar Iwuji a wurin: murna ta fara zuwa, kafin ta gama sauka ta rikiɗe ta zama tsana. Daga ranar ya ƙudurta sai an fasa kan yaron an ciro ƙwaƙwalwar. Irin wannan mugun kowa ya taɓa gamuwa da ƙaraminsa, malamin da ɗalibi ya fi shi ko maigidan da yaronsa ya gane abin da shi bai gane ba. Inda zan rage masa maki shi ne ihu. Daga tsakiyar fim zuwa ƙarshe kusan duk maganarsa da ƙaraji yake yi, alhali ya fi ban tsoro a wuraren da yake magana a hankali yana shafa kan dabbar.

TAMBAYA: Ni fa na fi son na farko. Na uku ya yi tsawo, ya yi nauyi, kuma na ji an ce bai yi kasuwa ba saboda haka. Wanne ka fi so, kuma za a yi na huɗu? Daga wani ɗan kasuwa a Kumasi.

AMSA: Alhaji, batun tsawo ka yi gaskiya: na farko kusan awa biyu ne, na uku awa biyu da rabi. Batun kasuwa kuwa an ba ka labarin da ba haka yake ba. Na farko ya tara kimanin dala miliyan 773 a duniya, na biyu ya haura miliyan 860, na uku kimanin miliyan 845. Ya zarce na farko, ya ɗan gaza na biyu, kuma a shekarar da wasu fina-finan Marvel suka sha ƙasa.

Tazarar shekara shida tsakanin na biyu da na uku ma tana da dalili. A watan Yulin 2018 kamfanin Disney ya kori Gunn saboda wasu tsofaffin rubuce-rubucen banza da ya yi a Twitter shekaru da dama kafin nan. 'Yan wasan suka sa hannu a wasiƙar goyon bayansa, aka dawo da shi a watan Maris na 2019, amma ya riga ya karɓi aikin wani fim a wajen abokan hamayya, DC, sai da ya gama shi. Kafin na uku ya fito, a ƙarshen 2022, an naɗa shi ɗaya daga cikin shugabanni biyu na sashen fina-finan DC. Wato ya yi wannan fim ɗin ne yana sane da cewa sallama yake yi, kuma ya sha faɗa cewa labarin Rocket ne ya dawo da shi. Ruwa ba ya tsami banza.

Ni a wurina na farko ya fi tsari, na uku ya fi tsayawa a rai. Na farko ba shi da kitse, komai a wurinsa yake, za ka iya kallonsa sau da yawa ba ka gaji ba. Na uku yana da wuraren da suka fi duk abin da ke cikin na farko, yana kuma da wuraren da bai kamata a bar su ba. Abin mamaki, inda ya yi rauni ba wurin baƙin cikin ba ne, wurin da ya nace sai ya yi irin barkwancin da ne. Adam Warlock, wanda aka yi mana alkawarinsa tun ƙarshen na biyu, ya zo a matsayin ƙaton sakarai da aka ciro daga ƙwansa bai nuna ba; Will Poulter ya yi iya ƙoƙarinsa, amma za ka iya cire shi daga rabin fim ɗin ba a rasa komai ba. Zuwan da suka yi wata tashar da aka gina da tsoka da kitse, sanye da kaya masu launi-launi suna ta shirme, ya ja lokaci fiye da kima alhali abokinsu na can yana shure-shuren mutuwa. Kana fitowa daga kejin Lylla a jefa ka cikin wannan, sai dariyar ta maƙale a wuya. Sai dai faɗan da suka yi a wani dogon lungu kusa da ƙarshe, wanda aka nuna kamar ba a yanke ɗauka ba, kyamara na bin su ɗaya bayan ɗaya, ya biya kuɗin kallo.

Wani abin da mutane ba su lura da shi ba: a cikin ukun, wannan mai nauyin shi ne wanda ba a rasa kowa daga cikin tawagar ba. A na farko Groot babba ya sadaukar da kansa, a na biyu Yondu ya tafi. A na uku kowa ya shiga sinima yana jiran gawar Rocket ko Drax, aka tashi duk suna raye. Rabuwa kawai suka yi. Quill ya koma duniya wurin kakansa da ya gudu ya bari tun 1988, Mantis ta kama gabanta, Drax da Nebula suka zauna renon yaran da aka ceto daga hannun mugun, Rocket ya zama kyaftin na sabuwar tawaga.

Na huɗu kuwa, Gunn ya ce wannan ne ƙarshen labarin wannan tawagar a hannunsa, Bautista da Saldaña ma duk sun ce sun gama da rawarsu. Star-Lord, wato Quill, shi kaɗai rubutun da ya fito a ƙarshen fim ɗin ya ce zai dawo. In ka ga an tura maka wani abu a waya da sunan kashi na huɗu da hoton su duka a jiki, kada ka ba da kuɗinka.